Masu Jiran Fim Ɗin Aku

Da la'asar sakaliya, in rana ta fara sanyi a garin Isa, rumfar mai caji ba ta rabuwa da yara. Allon sola yana kan rufin kwano, wayoyi suna jere a kan katako kowace da 'yar lamba manne a bayanta, ga tsohuwar kwamfuta da murfinta ya tsage aka ɗaure shi da salatif. A nan ake tura fim. Yaro zai zo da memori a ƙulle cikin leda, ya miƙa 'yan canjinsa, ya ce a zuba masa Indiya fassarar Algaita, ko na faɗa, ko ci gaban Labarina.

A gefen rumfar wani tsohon malamin firamare yana zaune bisa benci, yana jiran wayarsa ta cika. Ya ga abin da yaran ke zaɓa, ya girgiza kai, ya shiga ba su labarin wani aku da ya hana ɗan sarki fita daga gida dare bayan dare, ba da sarƙa ba, ba da dogari ba, da baki kawai. Yaran suka yi tsit. Da ya kai aya, ɗaya daga cikinsu ya matso.

"Baba Malam, wanga aku, akwai fim nai?"

"Babu shi nan, ɗana."

"To in an yi, a turo muna."

Malam ya yi dariya, ya ce shi ma jira yake yi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk inda waɗanda suka yi makaranta a shekarun 1960 zuwa 1990 suka haɗu, daga Sabon Birni zuwa Zariya, daga Maraɗi zuwa Zangon Kumasi, in dai hira ta biyo ta kan fim, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ina ma a ce Kannywood za su yi mana Magana Jari Ce yadda ya kamata." Sai a shiga rabon matsayi. Wane ne zai fito a Waziri, wane ne ya dace da Musa, wa zai iya Malam Zurƙe in aka ce Ruwan Bagaja za a yi. A yi gardama har a kira magariba, a watse ba a ko sayi kyamara ba.

Wannan ɗoki abu ne mai kyau, kuma yana da hujja. Sai dai akwai tambayoyi biyu da masu ɗokin ba su cika tsayawa a kansu ba: wa za a yi wa fim ɗin, kuma mene ne a cikin littafin da in aka rasa shi an rasa komai?

1. Abin da ake jira

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam, haifaffen Kagara a 1911, malamin makaranta ne a Katsina a lokacin, bai fi shekara 22 ba. East ya ga hannunsa, ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937, da labarai fiye da 80 a cikinsa.

Ginin labarin kowa ya san shi, ko ya kamata a ce kowa ya san shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana so yaron ya fita don ya hallaka. Kullum dare Musa zai yi ɗamara ya zo sallama da aku, aku kuma ya ja shi da labari har gari ya waye. A littafi na biyu aku yana gasar labari da wani aku ɗan'uwansa mai suna Haziƙ, a na uku kuma, bayan ya zama Waziri, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya.

Imam bai ɓoye cewa aro ya yi ba. Akun da ke tsare mutum da labari tsohon gini ne na Indiya da Farisa. Kamaruzzaman daga Alfu Laila ya zo. Sarkin Busa, mai kwashe ɓeraye da yara, asalinsa Bajamushe ne. Amma wanda ya karanta su a aji huɗu a Isa bai taɓa jin ƙanshin baƙunta a jikinsu ba, don Imam ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, ya ba su tuwo suka ci, suka buɗe baki da Hausar da ta fi ta mai karatun. Wannan ita ce gwanintar, kuma a nan ne duk mai shirin fim zai ci jarrabawa ko ya faɗi.

2. Ba yau aka fara ba

Masu cewa ba a taɓa gwadawa ba sun manta, ko kuma ba a haife su ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim na sinima. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya yi Magana Jari Ce a matsayin wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma har marigayi Ƙasimu Yero ya rasu a 2017 ana tuna shi da rawar da ya taka a ciki. Ruwan Bagaja ma an yi masa fim. Da Kannywood ta kafu bayan Turmin Danya na 1990, an ɗauko tatsuniya an yi Daskin Da Riɗi, kuma ya karɓu.

Ina waɗannan ayyuka suke yanzu? Labarin Shaihu Umar ya isa amsa. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka ɗauka ya tafi ke nan, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya. A Jamus aka gyara shi, kuma a bikin fina-finai na Balin na 2018 aka sake haska shi. Wato Bature a Balin ya riga ɗan Sakkwato na yau ganin fim ɗin da aka yi da Hausa daga littafin Firayim Ministan Nijeriya na farko. Al'ummar da ta yi sakaci da na hannunta, ya kamata ta ɗan sassauta murya in tana kukan na gaba bai zo ba.

3. Begen wa ake yi?

A ƙasashen Turai ma ana irin wannan jira. Littattafan Narnia guda 7 da C.S. Lewis ya wallafa tsakanin 1950 da 1956 an yi wa uku daga cikinsu fim a 2005 da 2008 da 2010, aikin ya tsaya, sannan Netflix ya sayi haƙƙinsu a 2018, masoya suka sake komawa layin jira da gardamar wa zai fito a wa. Harry Potter kuwa littafi 7 ne ya zama fim 8 tsakanin 2001 da 2011. Amma can, yaron da ke jiran fim ya riga ya karanta littafin, ko kuma yana fitowa daga sinima zai same shi a kanti na gaba. Fim da littafi suna tura wa juna ciniki.

A Isa ba haka abin yake ba. Wanda ke ɗokin fim ɗin aku mai furfura ne. Yaron da aka rubuta littafin dominsa bai ma san da shi ba, sai dai in ya yi sa'ar zama kusa da irin su Baba Malam. A tambayi ɗan aji shida a Sabon Birni ko wane ne Kalala na cikin Magana Jari Ce, a ji abin da zai ce. A tambaye shi jaruman Indiya, sai an ce ya isa. Laifin ba nasa ba ne. Yankin nan ya shafe shekaru cikin bala'in 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, makarantu da yawa sun rufe ko sun koma masaukin 'yan gudun hijira, iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Inda ake neman abin da za a kai baka da inda za a kwana lafiya, ba a zancen ɗakin karatu.

Wani zai ce, to a irin wannan hali ina ruwan mutane da fim ɗin aku? Ya je rumfar mai caji ya gani. Ko da aka katse sabis, memori bai daina yawo ba. Daga hannu zuwa hannu yake tafiya, a aljihun direba, a jakar mai zuwa cin kasuwar Shinkafi. Yaro ba ya daina neman labari don gari ya rikice, ƙaruwa ma yake yi. Kuma in aka duba da kyau, mene ne littafin farko na Magana Jari Ce in ba labarin yaron da aka hana fita da dare ba, don akwai masu jiransa a waje? Babu yaron da zai fahimci Musa kamar yaron Isa na yau, wanda uwarsa ke tare ƙofa tun kafin isha'i. Shi ne mai fim ɗin na haƙiƙa. Masu furfura 'yan rakiya ne.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan irin abin da za a yi. Fim ɗin da aka yi don tsofaffin ɗalibai zai zama na biki: a haska shi a babban otal a Abuja, a yi jawabai, a ɗauki hoto da manyan baƙi, a kulle shi a wani dandalin intanet da sai da katin banki ake shiga. Wanda aka yi don yaron Isa kuwa dole ya zama gajere-gajere, mara nauyi a memori, mai sautin da za a ji a ƙaramar waya ko da mutum goma sun kewaye ta. Imam ya riga ya yanka shi daidai: dare ɗaya, labari ɗaya. Kannywood kuma ta riga ta koyi dogon zango daga Daɗin Kowa na Arewa24 zuwa Izzar So da Labarina. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hanya ba.

4. Abin da Narambaɗa ya sani

Babban abin tsoro ba rashin kuɗi ba ne. Abin tsoro shi ne a sami kuɗin a kashe su a inda bai dace ba.

In aka saurari masu ɗoki, yawanci siddabaru suke mafarki: aljani ya fito daga tulu da hayaƙi, doki ya tashi sama, fada ta yi walƙiya kamar ta fim ɗin Indiya. Kowa kuma ya ga yadda irin wannan ke ƙarewa a finafinanmu. Aljani ya zo da hoda a fuska da jan ƙyalle, wuta ta fito daga tafin hannu kamar an zana ta da alli, yara su fashe da dariya a inda aka so su firgita. Yaron da ya saba da abin da kamfanonin Mumbai ke kashe biliyoyi a kai ba za a burge shi da wannan ba. Wanda ya ce zai yi tsere da doki a kan jaki, ya shirya shan ƙura.

Mutanen Isa sun fi kowa sanin cewa akwai wata hanya, don a garinsu Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa. Mutumin Tubali ne, makaɗin kotso, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ba shi da kyamara, ba shi da kwamfuta. Amma wanda ya saurari Dokin Iska Ɗanhilinge ya ga dokin nan da idonsa, ya ji ƙarar kofatonsa, ya ga ƙurar da ya bari. Wanda ya saurari Bakandamiya ya ga fada cike da mutane. Har gobe ana sa waƙoƙin nan a rediyo, ana rubuta digiri a kansu a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, alhali finafinai nawa aka yi bara da ba wanda zai iya tuna sunansu bana? Kayan aikin Narambaɗa kalma ce da aka ajiye a gurbinta, da sanin inda za a ja numfashi.

Imam ma da wannan ya ci kasuwa. Abin da ke sa dattijo dariya in ya tuna Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja ba abin al'ajabin da suka gani ba ne. Yadda suke ramuwar gayya da juna ne, da baƙar magana, da yadda mai ba da labari ke yabon kansa ba kunya. Abin da ke riƙe mai karatu a Magana Jari Ce shi ne yadda aku ke lallashin Musa: ya yi masa kirari, ya nuna kamar ya yarda ya tafi, sannan ya jefa wata 'yar magana da za ta sa yaron ya tsaya ya ce, yaya aka yi? In marubucin fim ya kwashe wannan ya zuba Hausar "a gaskiya ina jin cewa akwai buƙatar mu tattauna", ya kashe aku tun bai buɗe baki ba, ko da an kashe miliyan ɗari a kan fuka-fukansa.

Akwai kuma wani ɗan ƙorafi da mutanen gabashin Sakkwato ke da shi, kuma suna da gaskiya. Sau da yawa in aka ji Sakkwatanci a fim ɗin Kano, to an kawo baƙauye ne ko wanda za a yi wa dariya. Harshen da Narambaɗa ya yi wa sarakuna waƙa da shi ya koma abin barkwanci. Littafin da ke cike da sarakunan ƙasashe dabam-dabam dama ce ta gyara wannan. Me zai hana wani sarki a cikin labaran ya yi magana da Gobiranci, da nauyinsa da izzarsa, wani da Katsinanci, wani da Hausar Damagaram? Yaron Isa zai ji muryar kakansa daga bakin mai rawani, ba daga bakin wawan gari ba.

Haka zancen kayan fada. A ƙasar da ta ga Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, inda kufan Alƙalawa yake har yanzu tun faɗuwar birnin a 1808, ba a yi wa mutane wasa da sarauta. Sun san wanda ya isa ya yi rawani mai kunne biyu da wanda bai isa ba. Sun san bambancin lifidi da sulke, sun san ba a busa kakaki don hakimi ya fito daga wanka, sun san yadda bafade ke zubewa da yadda ɗan sarki ke gaisuwa. Kuɗin da za a ba mai zana wutar ƙarya, a ba wani tsohon bafade ya zauna kusa da darakta, ya riƙa cewa a'a.

5. Shi kansa akun

To wa zai fito a aku? Tsuntsun gaske, mai toka-toka da jan wutsiya, yana kwaikwayon magana amma ba ya bin umarnin darakta, kuma ba zai riƙe labarin minti 20 ba. Na kwamfuta mai kama da gaske yana da tsada. Saura zane mai motsi, wanda wasu ke rainawa suna cewa katun na yara ne, kamar ba yaran ake nema ba.

A 1998 wani Bafaranshe, Michel Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gini, ya fitar da Kirikou, zane mai sauƙi da aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, Youssou N'Dour ya yi masa kiɗa. Yaran Maraɗi da Yamai sun san shi sarai. Ba ƙyalƙyali ne ya ɗaga shi ba, labari ne da murya. A zane, aljani ba ya ba da kunya, birnin Sinari ba ya buƙatar a gina shi, ba sai an kwashi 'yan wasa da dawaki an nufi dajin da ba a shiga ba. Zane kuma yana rage wata fitinar: ba a cusa rawa da waƙar soyayya a tsakiyar labarin Sarkin Zairana don a sayar da fuskar jaruma. Abin da zai rage shi ne a nemo murya. Ba lallai sanannen jarumi ba. Wataƙila wani tsohon mai gabatar da shiri a gidan rediyon Rima, ko wata gwaggo da ta iya tatsuniya, wadda in ta ce "ga ta nan" ko kuka yaro yake yi sai ya haɗiye.

6. Haƙƙi da hukuma

Abubakar Imam ya rasu a 1981, kuma dokar Nijeriya tana kare haƙƙin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan littafin yana da masu shi: iyalansa da kamfanin NNPC na Zariya da ke buga shi. Duk mai niyya ta gari ta ƙofarsu zai fara bi. Sannan akwai Hukumar Tace Finafinai ta Kano, da malamai masu sa ido a kan duk abin da ya shafi bokaye da aljanu. Wanda ya tuna yadda aka soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa a 2016 ya san ba a raina wannan ɓangare. Sai dai a nan littafin ya kare kansa. Ya shekara fiye da 80 yana shiga aji, malamai da 'ya'yan malamai sun karanta shi, ba a ji ya lalata kowa ba.

Abin da masu ɗoki za su iya yi tun yau, ba tare da jiran furodusa ba, ƙarami ne ƙwarai har ana jin kunyar faɗinsa. Littafin yana nan ana sayarwa a Sakkwato da Gusau da Zariya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin walimar shekara za su iya sayen kwali guda su aika makarantun da suka rage a buɗe a Isa da Sabon Birni, da sansanonin da yaran ƙauyuka ke zaune. Mai murya zai iya neman izini ya karanta shi a ɗauka, a ba masu tura fim su riƙa haɗawa da abin da yara ke saye. Ranar da fim ɗin ya zo, in ya zo, zai tarar da masu kallon da za su iya cewa ba haka aku ya ce ba.

Wayar Baba Malam ta cika. Mai rumfa ya duba lambar da ke bayanta, ya miƙa masa. Yaron nan yana tsaye da memorinsa a hannu, an zuba masa Indiya uku da na faɗa ɗaya. Malam ya ce masa yana da littafi na ɗaya a gida, bangonsa ya cire, gara ta ci shafukan farko, amma daga inda Musa ya fara zuwa sallama da aku komai na nan. In yana so ya zo gobe bayan azahar, kafin a fara tare ƙofa, ya zo da wanda ya fi su iya karatu.

"In zo da ƙanena?"

"Zo da shi. Amma ku wanke hannu."